Atiku ko Wike: yadda ɗan jam'iyya zai auna ƙarfin shiyya kafin ya zaɓi gwani

A zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa, ko da mutum goma sha suka sayi fom, kafin dare ya raba takarar takan koma ta mutum biyu, kowannensu da shiyyar da yake tinƙaho da ita. Ɗaya zai ce maka yankinsa ne ke da yawan daliget da yawan ƙuri'a. Ɗayan zai ce yankinsa ne ya riƙe jam'iyya lokacin da kowa ya watse. Duka biyun suna iya zama masu gaskiya, kai kuwa ƙuri'a ɗaya ce tak a hannunka.

Misalin da ya fi fito da wannan tsaka mai wuya shi ne na PDP, ranar 28 ga Mayu, 2022, a filin wasa na MKO Abiola da ke Abuja. Atiku Abubakar ya samu ƙuri'a 371, Nyesom Wike (gwamnan Ribas a lokacin) 237, Bukola Saraki 70, Udom Emmanuel 38, Bala Mohammed 20, Anyim Pius Anyim 14. Tunda an yi babban zaɓe bayan nan an ga abin da ya biyo baya, muna da abin awo a hannu. Da shi za mu gwada iri biyu na 'yan takara: mai dogaro da shiyyar da ta fi yawa da tsofaffin mutanensa a ko'ina, da mai dogaro da gwamnoni masu ci a yankin da jam'iyya ke da gindi. Sunaye za su canza, amma waɗannan iri biyun za su sake tsayawa a gabanka, ko ta daliget aka yi, ko ƙato bayan ƙato.

Abubuwan da za a duba

Na farko, daliget nawa shiyyarsa ke da su, kuma nawa ne a cikinsu nasa ne na haƙiƙa. Na biyu, ƙuri'a nawa wannan shiyya ke kawo wa jam'iyya a babban zaɓe, domin wannan lissafi ne daban. Na uku, yaɗuwa: sashe na 134 na tsarin mulki bai yarda da rinjaye kaɗai ba, sai ɗan takara ya samu kashi 25 cikin 100 a kashi biyu cikin uku na jihohi, wato 24. Sai tsada, wato abin da jam'iyya za ta kashe da abin da za ta yi asara idan ta tsayar da shi. Sai ɗorewar goyon bayan. Sai sauƙin tallata shi idan ka koma mazaɓarka. Na ƙarshe haɗari, musamman abin da wanda aka kayar zai iya yi.

Taswirar daliget

A nan ne yawancin masu sharhi ke wucewa da sauri, alhali nan ne tushen komai. Dokar Zaɓe ta 2022, a sashe na 84(8), ta bar zaɓen ga daliget da aka zaɓa kawai. Gwamnoni da 'yan majalisa da sauran manya da suka saba jefa ƙuri'a saboda muƙaminsu suka koma 'yan kallo. Majalisa ta yi sauri ta gyara, amma Buhari bai sa hannu ba har aka yi zaɓen. PDP ta ɗauki daliget ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, APC ta ɗauki uku-uku.

Sai ƙidayar ƙananan hukumomi ta zama ita ce sarauniya. Arewa maso Yamma na da 186, Kudu maso Yamma 137, Kudu maso Kudu 123, Arewa ta Tsakiya haɗe da Abuja 121, Arewa maso Gabas 112, Kudu maso Gabas 95. Arewa gaba ɗaya 419, Kudu 355. Kano ita kaɗai 44, Katsina 34. Legas, mai masu rajistar zaɓe sama da miliyan 7, tana da 20. Ribas, mai kimanin miliyan 3.5, tana da 23, ƙasa da Jigawa mai 27. Bayelsa 8 kacal.

Yanzu ɗora wannan a kan inda PDP ke mulki a lokacin. Gwamnoninta 13 ne: takwas a Kudu, biyar a Arewa (Adamawa, Bauchi, Taraba, Binuwai, Sakkwato). A Arewa maso Yamma mai daliget 186, gwamna ɗaya ne gare ta, Aminu Waziri Tambuwal, tunda Matawalle na Zamfara ya koma APC a 2021. Ma'ana, shiyyar da ta fi kowace murya wajen tsayar da ɗan takara ita ce wadda jam'iyya ta fi rauni a cikinta. Daliget ɗin Kano da Katsina su 78 sun fi na Ribas da Delta da Bayelsa da Edo a haɗe, alhali waɗannan huɗun duk suna da gwamnonin PDP.

Atiku: shiyya mafi yawa, mutane a ko'ina

Ta fuskar daliget, ya shiga da rinjaye na asali, amma ba a miƙa masa Arewa a faranti ba. Saraki, Bala Mohammed da Tambuwal duk suna cikin takara, kuma yunƙurin maslaha da dattawan Arewa suka yi a watan Afrilu, wanda Farfesa Ango Abdullahi ya sanar, Saraki da Bala ya fitar, Tambuwal ya yi fatali da shi. Abin da ya juya lamarin shi ne komawar Tambuwal kan mumbari a daren zaɓe, ya janye, ya ce magoya bayansa su zaɓi Atiku. Tazarar 134 ce. Da mutum 68 sun sauya daga wannan zuwa wancan, da labarin ya canza. Abin dariya a ciki shi ne a 2018 a Fatakwal, inda Atiku ya samu 1,532 Tambuwal 693, Wike ne babban mai goyon bayan Tambuwal.

Akwai wani lissafi da ya kamata ka yi da kanka. Haɗa ƙuri'un 'yan Arewa uku: 371 da 70 da 20, ka samu 461. Ƙananan hukumomin Arewa 419 ne. Ke nan dole daliget masu yawa daga Kudu sun tsallako. Wannan shi ne ainihin ƙarfin irin Atiku: tun zaɓen fidda gwani na SDP a Jos a 1993 yake cikin wannan harka, ya yi mataimakin shugaban ƙasa daga 1999 zuwa 2007, babu jihar da ba shi da tsohon abokin tafiya.

Ta fuskar ƙuri'ar babban zaɓe, alƙawarin shi ne zai kwaso Arewar da Buhari ya bari. Ya cika wani ɓangare. A 2019 bai ci ko jiha ɗaya a Arewa maso Yamma ba, a 2023 ya ci Kaduna, Katsina, Kebbi da Sakkwato, ya ƙara da Adamawa, Bauchi, Gombe, Taraba da Yobe. Amma dubi tazarar: a Katsina ba ta kai 7,000 ba, a Sakkwato wajen 3,000. Cin jiha da ƙyar yana ƙawata taswira, ba ya cika jimilla. Kano kuwa, wadda ta fi kowace jiha daliget, Kwankwaso ne ya kwashe ta da ƙuri'a 997,279, Atiku ya zo na uku can baya.

Tsadar ita ce ta fi zafi. Fom ɗin dai naira miliyan 40 ne ga kowa. Abin da jam'iyya ta biya na gaske shi ne tsarin karɓa-karɓa. Gwamnonin Kudu sun taru a Legas a watan Yulin 2021 sun ce mulki ya koma Kudu bayan shekara takwas na Buhari. PDP ta buɗe takarar ga kowa a watan Mayun 2022. Peter Obi ya fice kwanaki kaɗan kafin zaɓen fidda gwani. A 2019 Atiku ya ci duka jihohi 11 na Kudu maso Gabas da Kudu maso Kudu, a 2023 biyu suka rage masa, Akwa Ibom da Bayelsa. Anambra da ta ba shi sama da 500,000 ta koma ba shi ƙasa da 10,000. Ko Delta, jihar Ifeanyi Okowa da ya ɗauka mataimaki, Obi ne ya ci. Jimillarsa ta sauko daga 11,262,978 zuwa 6,984,520, kuma bai kai jihohi 24 da kashi 25 ba.

Ɗorewa: goyon bayan irin wannan ɗan takara na jikinsa ne, duk inda ya tafi da shi yake tafiya. Ya bar PDP zuwa AC a takarar 2007, ya dawo, ya tafi APC a 2014, ya dawo a ƙarshen 2017, ya sake ficewa a watan Yulin 2025. Idan kai mutuminsa ne wannan bai dame ka ba. Idan jam'iyya ce gidanka, ka san ƙuri'ar aro ce.

Sauƙin tallatawa kuwa, ga daliget ɗin Azare ko Funtuwa ko Birnin Kebbi, babu wahala. Sunan sananne ne, ba sai ka yi dogon bayani a majalisar unguwa ba. Ga daliget ɗin Aba ko Warri, a 2022 abu ne mai nauyin ɗauka.

Wike: gwamnoni da gindin jam'iyya

Shiyyarsa daliget 123 ne, kuma ba duka nasa ba. Akwa Ibom mai 31 tana da nata ɗan takarar, Udom. Okowa na Delta bai bi shi ba. Duk da haka ya samu 237, kusan ninki biyu na shiyyar tasa gaba ɗaya. Daga ina? Gwamnonin da daga baya aka san su tare da shi da sunan G5, wato Seyi Makinde na Oyo, Samuel Ortom na Binuwai, Okezie Ikpeazu na Abiya da Ifeanyi Ugwuanyi na Inugu, su ne ginshiƙinsa, sai rassan jam'iyya a jihohin da babu gwamnan PDP, waɗanda suka daɗe suna cin alherinsa. Shi ne ya tsaya wa ɓangaren Ahmed Makarfi a rikicinsu da Ali Modu Sheriff kan shugabancin PDP har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2017. Da gobara ta ci babbar kasuwar Sakkwato a farkon 2021, ya je ya ba da naira miliyan 500. Irin wannan ɗan takara da hidima yake sayen ƙauna, shekara da shekaru.

Kada ka raina abin da gwamna ke iya yi da daliget. A watan Janairun 2011 Atiku ne ɗan takarar maslaha na Arewa da kwamitin Adamu Ciroma ya fitar, amma Jonathan ya samu 2,736 shi ya samu 805, har a Adamawa an ka da shi, domin gwamnoni na tare da shugaba mai ci. Inda daliget ɗaya ne a ƙaramar hukuma, mai riƙe da ofishin jam'iyya na jiha shi ke rubuta sunan.

Matsalar Wike a fili ita ce Kudu ba ta haɗa kai kamar yadda Arewa ta yi a minti na ƙarshe ba. Ko da an ba shi na Udom da na Anyim, 289 zai kai, bai iso 371 ba. Ƙuri'un Kudu da suka tsallaka zuwa 'yan Arewa su suka kashe shi.

Ta fuskar babban zaɓe, ƙarfinsa ya fito ne ta bayan gida. Bai samu tikiti ba, bai samu mataimaki ba (Ortom ya ce mafi yawan 'yan kwamitin zaɓen mataimakin shi suka zaɓa), kuma Iyorchia Ayu ya ƙi sauka daga shugabancin jam'iyya duk da cewa shi da ɗan takara duka 'yan Arewa ne. Sai G5 suka zare hannu. Atiku bai ci ko ɗaya daga jihohinsu biyar ba. A Ribas, inda ya samu sama da 470,000 a 2019, bai kai 90,000 ba a sakamakon da INEC ta sanar a 2023, kuma Tinubu aka ba jihar. Tazarar Tinubu da Atiku a ƙasa baki ɗaya kimanin miliyan 1.8 ce.

Amma a yi adalci: iya hana wani ci daban, iya ci daban. Ortom, Ikpeazu da Ugwuanyi duk sun nemi kujerar sanata a ranar zaɓen shugaban ƙasa na 2023, duk sun faɗi. Gwamnan da bai iya kawo mazaɓarsa ta sanata ba, da wane ƙarfi zai kawo jiha? Guguwar Obi ta riga ta taso, kuma ba ta tsaya tambayar wane ne gwamna ba. A ganina da Wike aka tsayar, zai riƙe Kudu maso Kudu fiye da yadda Atiku ya yi, zai ɗan rage ɓarna a Oyo da Binuwai, amma Kudu maso Gabas ta riga ta tafi. A Arewa kuma, inda masu rajista a Arewa maso Yamma kaɗai sun haura miliyan 22, samun kashi 25 zai zame masa hawan dutse. Buhari ya gwada irin wannan daga ɗaya ɓangaren: a 2011 ya samu sama da miliyan 12 da jihohi 12, duka a Arewa, bai kai ko'ina ba sai da jam'iyyarsa ta haɗe da ACN aka kafa APC a 2013.

Tsada: a gida irin wannan ɗan takara yana da arha ga jam'iyya. Rumfunan zaɓe sun haura 176,000, kowace tana buƙatar ejan da abincinsa da kuɗin mota, kuma gwamna mai ci ya kan ɗauke wannan a jiharsa. A wajen gida ne kuɗin ke ninkuwa, domin inda ba a san ka ba komai sai ka biya. Ɗorewa kuma tana rataye ne da kujera. Wa'adin gwamna na ƙarewa, magaji na iya juya baya, kamar yadda rikicin Wike da Siminalayi Fubara ya nuna tun shekarar farko.

Haɗarinsa kashi biyu ne. Idan ka tsayar da shi, kana iya rasa shiyya mafi yawan ƙuri'a. Idan ka kayar da shi ba ka lallashe shi ba, yana da abin da zai rama da shi. A watan Agustan 2023 ya zama ministan Abuja a gwamnatin APC.

A taƙaice

| Ma'auni | Irin Atiku | Irin Wike |
|---|---|---|
| Ƙuri'a a fidda gwani | 371 | 237 |
| Ƙananan hukumomin ɓangarensa | Arewa, 419 | Kudu, 355 |
| Gwamnonin PDP a ɓangaren | 5 | 8 |
| Tushen ƙarfi | suna da tsofaffin mutane | gwamnoni da ofisoshin jam'iyya |
| Yaɗuwa | mai faɗi, marar zurfi | mai zurfi, marar faɗi |
| Tsada | asarar Kudu da karɓa-karɓa | kashe kuɗi mai yawa a Arewa |
| Ɗorewa | tana bin mutumin | tana bin kujerar |
| Tallatawa | sauƙi a Arewa | sauƙi a Kudu maso Kudu |
| Babban haɗari | ɓaraka a gida | kasa kaiwa jihohi 24 |

Maganar kuɗin daliget ban sa ta a teburin ba da gangan. Jaridu sun cika da labarin dala a wancan mako, har jami'an EFCC sun bayyana a filin. Duk abin da aka ba mutum a otal, kafin Sallah ta zagayo ya ƙare, shi kuwa ɗan takarar da ya fito da shi zai zauna har babban zaɓe.

Kwana goma bayan na PDP, APC ta nuna wata hanyar. A dandalin Eagle Square Tinubu ya samu 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235, Ahmad Lawan 152. Gwamnonin APC na Arewa ne da kansu suka fito suka ce mulki ya koma Kudu, wato shiyya mai yawan daliget ta ɗauki ɗan wata shiyya ta goya. Sakamakon: ya faɗi a Legas, gidansa, amma fiye da rabin ƙuri'unsa 8,794,726 daga Arewa suka fito. Idan a cikin biyun da ke gabanka akwai wanda gwamnonin ɗaya ɓangaren suka rungume shi a bainar jama'a, wannan ya fi kowane ma'auni na sama nauyi.

Wa ya dace da wa

Idan kai daliget ne daga jihar Arewa da jam'iyyarka ba ta da gwamna, kuma kana da ɗan takarar majalisar tarayya da kake son ya ci, irin Atiku ya fi maka. Zaɓen shugaban ƙasa da na majalisar tarayya rana ɗaya ake yi, hoton da ke sama shi ke jan na ƙasa. Sai dai ka tambaya tukuna ko akwai wani ɗan gida a wata jam'iyya da zai raba muku ƙuri'a, kamar yadda Kwankwaso ya yi a Kano.

Idan jiharka ce gindin jam'iyya, kuma damuwarka kada a wayi gari gidan ya zama kango, irin Wike ya fi kusa da buƙatarka, ko aƙalla ɗan takarar da shi da gwamnoninsa za su yarda da shi. Waɗanda suka ga yadda gwamnonin Delta da Akwa Ibom suka koma APC a 2025 sun san abin da ake nufi.

Idan babu abin da ke gabanka sai cin fadar shugaban ƙasa, ɗauki takarda ka jera jihohi 36, ka yi wa kowane ɗan takara alama a inda zai samu kashi 25 ba tare da taimakon abokin hamayyarsa ba. Wanda bai kai 24 ba, tambayi wa zai cike masa, kuma me za a ba shi. A 2022 babu ɗayansu da zai kai shi kaɗai. Wanda ke da wannan buƙata ƙuri'arsa ta fi amfani idan ya haɗa ta da sharaɗi tun kafin a shiga fili: kujerar mataimaki, shugabancin jam'iyya da jagorancin yaƙin neman zaɓe, wace shiyya za ta ɗauki wanne, a faɗa a gaban shaidu.

Idan kuma kai yaron gwamna ne, shi ya rubuta sunanka, to zaɓinka ƙarami ne, kuma ka fi kowa sanin haka. Abin da ya rage maka shi ne ka duba shekara nawa suka rage wa maigidan a kujera, da wanda ake shirin ba wa bayansa.